Ajin Ƙarshe na Malama Ina-jin-ku

Ku matso kusa, yanzu ai an halatta matsowa. Da a shekarar annoba ce, da sai in ce kowa ya ja da baya, ya rufe hanci, ni kuma in ɗaga murya. Labarin gwaggona zan ba ku, yayar mahaifina, wadda duk unguwarsu ba mai kiran ta da sunan yanka. Malama Ina-jin-ku ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta.

Malamar aji ɗaya ce a makarantar firamaren da ke bayan tashar mota. Tun tana budurwa aka ba ta ajin. Tana cikinsa ta yi aure, ta haihu, ta aurar, ta yi furfura, ba ta taɓa neman a matsar da ita gaba ba. In an tsokane ta aka ce, "Malama, ke ba kya cin jarrabawa ne, kullum aji ɗaya?" sai ta ce, "Kan ne ba ya ja, ku taya ni da addu'a."

Ga yadda take koyarwa. Za ta rubuta abu a allo, ta juyo, ta yi tambaya, ta harɗe hannu a ƙirji, ta ce, "Ina jin ku." Daga nan sai ta yi shiru. Shiru fa na gaske, irin wanda har za ka ji ƙuda yana dukan gilashin taga. Ba ta ba yaro rabin amsa, ba ta kuma kula mai saurin ɗaga hannu. Jira take yi har na can ƙurya ya motsa leɓe. Cewa take yaro tukunya ne a kan wuta, in ka dame shi da buɗe murfi ba zai nuna ba.

Abin taƙamarta a duniya ɗaya ne: ba ta taɓa miƙa wa aji biyu yaron da bai iya haɗa baƙi ya karanta kalma ba. Malamar aji biyu ƙawarta ce, ƙanwa a shekaru, ga baki kamar reza. Duk ƙarshen shekara sai ta tsaya a bakin ƙofarta ta ce, "Yaya, in kika kawo mini ɗanye, mayar miki zan yi."

Gwaggo ta ce, "Ke dai kar ki ƙona mini abin da na dafa."

To, shekarar da annoba ta zo ita ce ta ƙarshe ga Gwaggo kafin ta yi ritaya. Yaran ajinta sun fara haɗa baƙi ke nan, baki yana laluben kalma, sai aka wayi gari an garƙame makarantu. Ni a lokacin na je gidanta da niyyar kwana biyu, aka rufe hanya, kwana biyun suka zama watanni. Shi ya sa abin da zan gaya muku, yawancinsa da idona na gani.

Gwaggo ta kasa zama. Ta wanke labule, ta sake wanke shi. Ta juye kabad, ta mayar. Mijinta, wanda muke kira Baba Direba don ya tsufa a tuƙin motar fasinja, yana kishingiɗe a tsakar gida yana kallon ta.

Ya ce, "Malama, kin fi ƙarfin gidan nan. Ko in nemo miki tabarma ki tara kyanwa da 'ya'yanta ki koya musu?"

Ta ce, "Kai wasa kake gani. Yaron da ya fara haɗa baƙi kamar mai koyon keke ne da aka sake shi a gangare. In ya faɗi yanzu, tsoron keken zai yi."

Abin da ke cin ta ya wuce haka. Ta san iyayen unguwar ciki da bai. Yaro in ya maimaita aji ɗaya, uban ba ya cewa a ƙara masa lokaci. Cewa yake yi, "Wannan ba shi da kan karatu," ya kama hannunsa sai shago ko gareji. Ta ga haka a ajin wasu malaman, ba ta so a rufe aikinta da shi.

Ana nan sai ofishin ilimi na gunduma ya kira taro. A filin ajiye motoci aka yi shi, an jera kujeru nesa da juna kamar masu gaba, kowa da takunkumi a fuska, ba ka gane mai murmushi da mai hararar ka. Shugaban ofishin mutum ne mai haƙuri, abu ɗaya ne ya dame shi: duk sa'ad da ya yi magana sai numfashinsa ya rufe masa tabarau, ya cire ya goge, ya rasa inda ya tsaya. Ya ce shawarar farko ita ce a riƙa tura darussa ta waya.

Wani hedimasta ya miƙe ya ce, "Yallaɓai, waya ai da sassafe take bin maigida fita. In ta dawo da yamma kuma ta gaji, ba caji."

Wata malama ta ce, "Ni a gidana ma yara uku ne, waya ɗaya. In aka ce darasi a waya, dambe za a buɗe."

Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan cewa manyan azuzuwa za su riƙa karɓar takardun aiki a bakin ƙofar makaranta, masu waya su haɗa da waya. Ƙanana kuma a ba kowa takardar haruffa ya liƙa a ɗaki, a koyar da su ta rediyo. Sannan shugaban ya goge tabarau ya ƙara wata magana: ranar da aka buɗe makarantu za a gwada 'yan aji ɗaya, wanda ya karanta ya wuce, wanda bai karanta ba ya maimaita.

Gwaggo tana kujerar ƙarshe, rabin maganar ta ji. Sai ta ce, "Yallaɓai, mu na baya ba ma ji!"

Muryar da ta saba kaiwa ƙuryar aji ba tare da lasifika ba, har mai gadi a bakin ƙofa sai da ya waiwayo. Shugaban ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "To, Alhamdu lillahi, mun sami mai rediyo."

Ɗakin da aka kai ta a gidan rediyon ɗan mitsitsi ne, ba taga, an liƙe bangon da soso. Tebur, kujera, makirufo, da wata jar fitila. A bayan gilashi wani saurayi yana zaune da abin ji a kunne, kowa Injiniya yake ce masa. Ya ce, "Mama, in fitilar nan ta kama, ki fara."

Fitila ta kama, Gwaggo ta kalli bango. Ta ce, "Ɗan nan, yanzu da soso zan yi magana?"

Ya ce, "Ki ɗauka suna gabanki."

Sai ta rufe ido, ta jera ajinta a zuci. Ga tagwaye a gaba suna tsungulin juna. Ga yarinya mai wawulo, 'yar maƙwabciyarta mai ɗinki. Ga kuma ɗan bakanike can ƙurya, wanda ba ya rabuwa da tsotsar wuyan rigarsa, kuma kullum shi ne ƙarshen amsawa. Da ta gan su sai murya ta dawo. Ta ce, "Ku ja sanda daga sama zuwa ƙasa. Ku yi mata tumbi a gaba. Ku duba takardarku, wane harafi ne ya yi kama da shi? Ina jin ku." Ta harɗe hannu ta yi shirunta, har sai da ta ga ɗan bakanike ya motsa leɓe a cikin ranta, sannan ta ce, "Madalla." Haka ta ɗauki darussan mako guda, ta dawo gida fuska a sake.

Ranar da za a fara sakawa, Baba Direba ya sa wa rediyo sabon batir, ya ɗora shi a kan kujera a tsakar gida, muka kewaye shi. Aka yi ɗan kiɗa, sai ga muryar Gwaggo:

"Ku ja sanda daga sama zuwa ƙasa ku yi mata tumbi a gaba wane harafi ne ina jin ku madalla to yanzu ku sake jan wata sandar ina jin ku madalla..."

Ko numfashi babu a tsakani. Tana tambaya tana ba kanta amsa, tana yabon kanta, tana wucewa. Baba Direba ya dafe kai ya ce, "Malama, birki! Birkinki ya tsinke!"

Kafin a gama, maƙwabciya mai ɗinki ta leƙo ta saman katanga. Ta ce, "Malama, lafiya? Wa ya biyo ki? Yarinyar nan ta buɗe baki za ta amsa, kin riga kin wuce. Ga ta can ta jefar da fensir tana kuka, wai Malama ta daina jiran ta."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta soki Gwaggo. Ta sa takunkumi, ta ɗauki jaka, sai gidan rediyo, ni ina bin ta a baya.

Injiniya ya tarbe mu da fara'a. Ya ce, "Mama, kin ji aiki? Jiya ban ci abincin rana ba saboda ke. Duk inda kika tsaya kika manta abin faɗa, na yanke shi tas. Ba wanda zai san kin yi tuntuɓe."

Gwaggo ta zauna a hankali. Ta ce, "Nuna mini abin da ka yanke."

Ya juyo da kwamfuta. Muryarta ta fito kamar jerin duwatsu, a tsakaninsu kuma wani miƙaƙƙen zare, wato shirun. Ya ce, "Kin ga wannan zaren? A aikinmu cuta ce. Shi aka fara koya mini ranar da na shigo gidan nan. Mai saurare in ya ji shiru, cewa zai yi batir ya mutu, ya mari rediyon ko ya murɗa wata tasha. Ban da haka, muna da na'ura a can sama, in shiru ya yi tsawo sai ta ɗauka layi ne ya katse, ta saki kiɗa da kanta. Ko ni ban isa in hana ta ba."

Gwaggo ta ce, "To ni kuma a aikina, zaren nan shi ne karatun. Duwatsun nan surutuna ne kawai. Inda ka yanke ka zubar, a nan yaro yake aiki."

Injiniya ya cire abin kunnensa, ya kalli zaren. Ya ce, "Wallahi Mama, na ɗauka tsufa ne."

Ta ce, "Tsufan ma akwai, amma ba shi ba ne wannan."

Suka yi dariya, amma dariya ba ta gyara komai ba, don shi yana da gaskiya, ita ma tana da gaskiya. Suka shiga gwaji. Aka sa kiɗa mai taushi a wurin shirun, mai ɗinki ta kawo rahoto cewa 'yarta ta ajiye fensir tana rawa. Aka sa ƙarar agogo, uwar tagwaye ta aiko cewa yaran sun firgice, suna rubutu kamar ana korar su. Aka ce Gwaggo ta riƙa maimaita "ina jin ku, ina jin ku" har lokacin ya cika, ita da kanta ta ce a'a, wannan ai tsayawa ne a kan yaro da bulala.

Ana cikin haka shugaban ofishin ilimi ya bugo waya. Bai yi faɗa ba, amma ya faɗi gaskiya: ƙorafi ya yi yawa, manyan azuzuwa masu jarrabawa suna neman lokacin rediyon, in ba a sami mafita ba zuwa ƙarshen mako, za a ba su, ƙanana su jira a buɗe makaranta. Gwaggo ta ajiye waya. Ranar ko tsokanar Baba Direba ba ta amsa ba.

Gwaggo tana da wata ɗabi'a. Ba ka raba jakarta da guntun alli, kuma in tunani ya yi mata yawa sai hannunta ya nemi abin rubutawa. Washegari tana zaune a ɗakin soso, ta zaro alli ta fara zana haruffa a gefen baƙin teburin, ita ba ta ma san tana yi ba. Sai ta ga Injiniya ya miƙe tsaye a bayan gilashi yana ɗaga mata hannu.

Ya ce, "Mama, me kika yi yanzu?"

Ta ɓoye allin kamar yarinyar da aka kama. Ta ce, "Zan goge."

Ya ce, "Kar ki goge, sake yi!"

Ta sake. Ƙyas, ƙyas, ƙiii. Ya nuna mata kwamfuta: zaren nan ya daina kwanciya, yana ɗan tsalle. Ya ce, "Na'ura za ta ji wannan, ba za ta saki kiɗa ba. Mai rediyo zai san batir bai mutu ba. Kuma ba magana ba ce, ba waƙa ba ce, ba abin da zai ɗauke hankalin yaro."

Gwaggo ta kalli allin da ke hannunta. Ta ce, "Ai yarana sun san wannan ƙarar fiye da muryata. In sun ji ta, sun san rubutu ake yi."

A ranar Baba Direba ya roƙi wani tsohon yaron motarsa, suka je makaranta ɗauko allo, mai gadi ya buɗe musu. Babban allo ya ƙi shiga ƙofar ɗakin soso, sai suka koma suka ɗauko ƙaramin mai ƙafafu. Gwaggo ta kafa wa yara doka a rediyo: "Muddin kuna jin allina yana tafiya, naku hannun ma ya yi ta tafiya. In ya tsaya, ku gaya wa wanda ke kusa da ku abin da kuka rubuta, ko Mama ce, ko Kaka, ko akuya." Kuma a hankali take jan allin, daidai saurin ɗan bakanike, ba na tagwaye ba. Shugaban ofishin ya saurara da kansa, ya bar wa ƙanana lokacinsu.

Saura damuwa ɗaya: tana cewa "ina jin ku," alhali ba ta jin kowa. Ba ta san ko ana bin ta ba, ko iska take koyarwa. Sai wata rana muna dawowa, mai shagon kusurwa ya tare ta. Ya ce, "Malama, zo ki ga ɓarnar ɗalibanki."

Ya nuna bangon shagonsa. Daga gwiwar babba zuwa ƙasa, duk an cika shi da haruffa da gawayi. Takarda ta ƙare wa yara, sun koma bango. Gwaggo ta durƙusa, ta gyara tabarau, ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mai shago ya ce, "Ni fa ƙara na kawo, na ga kina murna."

Ta ce, "Yi haƙuri, zan sa su wanke. Amma ka bar shi zuwa gobe, ban gama dubawa ba."

Daga ranar bangon unguwa ya zama littafin da take dubawa. Baba Direba ya ɗauki aikin zagaye. Kullum da hantsi sai ya sa takunkumi ya bi lungu-lungu, ya dawo ya ba da rahoto kamar mai ba da labarin hanya: "Layin masu walda lafiya lau, ana tafiya. Bayan tasha akwai cunkoso, wani yana rubuta komai a kife." Washegari sai Gwaggo ta koma kan abin da aka kife. A ƙarshen kowane darasi kuma ta ce, "Wanda ya rubuta a bangon mutane, ya ɗebi ruwa ya wanke, amma sai bayan Baba ya wuce."

Da cutar ta fara lafawa, ofishin ilimi ya sake tara su don shirin buɗewa. Aka raba kowane aji biyu, rabi da safe, rabi da rana. Aka ajiye bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa. Aka shafa fenti a benci, yaro ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan. Tagogin da suka shekara a rufe, aka sa kafinta ya ɓalle su don iska ta ratsa. Yara suka dawo sun yi tsawo, riguna sun ɗage, fuska rabi a rufe. Gwaggo da ido take gane su. Ɗan bakanike bai ba ta wahala ba, don da ya rasa hanyar kaiwa ga wuyan riga sai ya koma tsotsar takunkumin.

Ranar gwaji, malamar aji biyu ta kafa tebur a baranda, ana kiran yara ɗaya-ɗaya. Gwaggo ta zo za ta tsaya kusa, ta ce mata, "Yaya, koma ciki. Ke ko girarki kika ɗaga, satar amsa ce."

Gwaggo ta koma bayan taga tana leƙe, hannu a ƙirji. Tagwaye suka karanta. Mai wawulo, wadda haƙoranta suka riga suka fito, ta karanta har tana ƙara murya. Haka aka yi ta wucewa, yawancin ajin suka haye. Amma 'yan kaɗan suka tsaya cak, kuma da aka bincika, duk labarinsu ɗaya ne: wasu gidansu ba rediyo, wasu an kai su ƙauye. Ɗan bakanike yana cikinsu. Rediyon gidansu kullum yana gareji tare da uban.

Da yamma uban ya zo bakin ƙofar makaranta, hannu duk baƙin mai. Ya ce, "To Malama, an gwada, Allah bai yi ba. Gobe zai bi ni wurin aiki."

Gwaggo ta ce, "Ba a gwada ba. Wasu an ba su watanni, shi ba a ba shi komai ba. Ka ba ni zuwa ƙarshen zango. In bai karanta ba, ni da kaina zan kawo maka shi har gareji."

Ya ce, "An ce ai kin gama aiki ƙarshen watan nan."

Ta ce, "Wannan tsakanina da ofis ne."

Baba Direba, wanda ya rako ta, ya sa baki: "Kai, motata ta taɓa kwana wata guda a garejinka kana cewa gobe, gobe, ban ƙwace ta ba. Kai ma ka yi haƙuri da gyaran wani." Bakanike ya yi dariya, ya sosa ƙeya, ya ce ya ba da zango ɗaya.

Washegari ta je wurin shugaban ofishin, ta roƙi a jinkirta hukuncin waɗannan yaran. Ya ce, "Malama, takardar ritayarki tana kan teburin nan, na riga na sa hannu. Kuma da wannan rabon safe da rana, ba ni da ɗaki ko ɗaya da ya rage."

Ta ce, "Akwai ɗakin da muke tara karyayyun benci. In an fitar da su, ya ishe mu."

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce tun da sakamakon makarantu ya fara iso masa yake ta juya maganar a ransa, don ko'ina akwai irin waɗannan yaran, kuma dokar da ya kafa ba ta yi musu adalci ba. Ya amince, ya kuma aika wa duk makarantun gunduma cewa kowace ta nemi lungu da malami, a ba yaran da rediyo bai kai gare su ba zango ɗaya kafin a yanke musu hukunci.

Aka yi wa Gwaggo ɗan taron sallama a ƙarshen wata, aka yi jawabi, aka tafa. Washegari da safe mai gadi ya gan ta a bakin ƙofa tana wanke hannu. Ya ce, "Malama, ba jiya muka sallame ki ba?"

Ta ce, "Mantuwa na yi a ciki."

A ɗakin karyayyun benci ta zauna da su, ƙofa a buɗe. Duk wanda ya kama, sai ta riƙe hannunsa ta kai shi baranda a gwada shi, ya wuce. Ɗaki ya yi ta raguwa. Yarinya ɗaya ce ba ta dawo ba sam, iyayenta sun tashi daga garin, Gwaggo ta yi ta cigiya ba ta sami inda suka koma ba, kuma har yau in an ambace ta sai ta yi ajiyar zuciya. A ƙarshe ya rage daga ita sai ɗan bakanike.

Ana saura kwanaki zango ya ƙare ta kai shi. Malamar aji biyu ta buɗe littafi a shafin da bai taɓa gani ba, ta ɗora yatsa a kan layi. Yaron ya kalli shafin, ya kalli ƙasa, ya sake kallon shafin. Sai ya fara, kalma ɗaya, ya huta, wata kalmar, ya huta, har ya kai ƙarshen layi. Bai jira an ce masa komai ba ya gangara layi na biyu. Malamar ta rufe littafin ta ce, "Ya isa, kar ka cinye mini shi yau. Shiga ka zauna kusa da taga."

Uban yana tsaye a bakin ƙofar makaranta, don an hana iyaye shiga. Gwaggo ta je ta gaya masa. Ya ce, "Da gaske, Malama? Shi ɗin?" Ya rasa abin yi da hannunsa, ya goge su a wando, ya ce, "To ni yanzu wa zai riƙa miƙo mini sifana?" Ya hau babur ɗinsa yana dariya shi kaɗai.

Gwaggo ta share ɗakin, ta kai wa hedimasta mabuɗi, ta kamo hanyar gida da hantsi. Ta ce mini rabon da ta bi titi a wannan lokacin ranar makaranta tun kafin ta fara aiki, ashe haka rana take kwanciya a kan rumfunan masu kayan miya. Ta tarar da Baba Direba a tsakar gida.

Ya ce, "Malama, an tashi?"

Ta ce, "An tashi."

Ya ce, "To zauna, shayin bai huce ba."

Ta sha rabin kofi, ta jingina da bango, barci ya ɗauke ta da takalmi a ƙafa. Baba Direba ya yi mini alama in rage murya, muka bar ta har la'asar. Iyakar abin da na gani ke nan. Mai son ƙari ya je ya tambaye ta, tana gida, ƙofar mai shuɗin fenti. Amma kar ku je da hantsi, yanzu lokacin barcinta ne.